Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wasiƙar da Ba Ta da Mai Aikowa

Makon jiya na tsaya ne a inda aka rage ma'aikata a wurin aikin Baba, sunansa ya faɗo cikin waɗanda aka sallama. Na gaya muku yadda gidanmu ya yi tsit, mutumin da ba ya wuni a gida ya koma zaman tabarma da rediyo tun safe har azahar. A wannan hali ne wasiƙar nan ta shigo mana. Amma ba za ku gane yadda ta samu gindin zama ba sai na fara ba ku labarin Goggo.

Goggo yayar Baba ce, a wurinmu take zaune tun bayan rasuwar mijinta, kuma ban taɓa ganin mai dokoki irinta ba. Ba a yanke farce da dare. Ba a shara bayan magariba, in ma ta kama an yi, ba a kwashe ta a fitar, wai arziki ake zubarwa. Takalmi in ya kife sai an juya shi nan take, ko da kana tsakiyar wani aiki. Ka fita ka tuna ka yi mantuwa, to kada ka kuskura ka komo, sai dai ka aiko yaro, don komowa na ɓata sa'ar tafiya. Tafin hannun dama ya yi ƙaiƙayi, kuɗi ne tafe. Na hagu kuwa, fita za su yi. Ranar da mujiya ta yi kuka a bayan ɗaki, ba mai barci sai Goggo ta gama tofe mu ɗaya bayan ɗaya.

Baba kan ce, "Haba Yaya, camfi ne fa." Ita kuma ta ce, "Da camfin aka rene ka, ga ka nan har ka yi gemu."

Inna ba ruwanta da duk wannan, dariya ma take yi a ɓoye. Sai bayan an sallami Baba na fara ganin ta tana bin takalmanmu tana juyawa, ta ƙwace tsintsiya daga hannuna in rana ta faɗi. Ba wanda ya ce mata uffan.

A lokacin Baba ya rubuta takardun neman aiki wurare da dama, kullum sai ya je ya leƙa akwatinsa a gidan waya. Wata rana ya dawo da ambulan a hannu, bai ko cire takalmi ba ya farke ta a tsaye, mu duka mun zuba masa ido. Ya karanta, fuskarsa ta canja, ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba, ya jefar da takardar kan tabarma ya shige ɗaki. Yayana ne ya ɗauka ya fassara mana, don da Turanci take.

Ba sunan mai aikowa, ba sa hannu. An buga ta da keken rubutu, an yi ta ɗaukar hotonta daga kwafi zuwa kwafi har haruffa sun zagwanye. Wai daga Venezuela ta fito, wani ɗan mishan ne ya rubuta ta, kuma ta zaga duniya sau tara. Duk wanda ta zo hannunsa ya yi kwafi 20 ya rarraba, kada ta wuce awa 96 a wurinsa, cikin kwana huɗu zai ga sa'a. Kada a aika kuɗi. Sai jerin labarai: wani ya sa sakatarensa ya yi kwafin, ya ci caca ta miliyoyi, wani bai yarda ba ya jefar, bayan kwana tara ya mutu. Na ukun ne ya daki Inna. Wai wani ma'aikacin ofis ya karɓa ya manta, aka kore shi daga aiki, da ya nemo ta ya rarraba sai ya samu aikin da ya fi na da.

"Sake karanta min wurin nan," in ji Inna. Yaya ya sake.

Abin mamaki, Goggo da muke zaton ita za ta fara rikicewa, tsaki ta yi. Ta ce takardar da ba ta da uba ba ta da uwa, me za ta iya yi wa mutum? Inna ce ta kasa sukuni. Da dare na ji tana ce wa Baba, "Malam, ni ba wai na yarda ba ne. Amma mene ne a ciki? Takarda ce da biro kawai." Baba ya ce ba da hannunsa ba, ba kuma da kuɗinsa ba. Bai dai hana ba.

Wannan magana ta Inna ita ce duk ƙarfin irin waɗannan wasiƙu. Abin da suke nema a wurinka kaɗan ne, abin da suke yi maka barazana da shi kuwa ba shi da iyaka, sai ka ga ai gara ka yi ka huta. Ga kuma halin da muke ciki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Kuɗin ɗaukar hoton takarda ba mu da shi, don haka aikin ya faɗo kaina, ni da ake yabon rubutuna a makaranta. Yaya ya samo takardar kabon a cikin tarkacen ofis ɗin Baba, ya nuna min yadda ake jera ta tsakanin fallaye, rubutu ɗaya ya fito uku. Sai ka danna biro da ƙarfi, in ba haka ba na ƙasan ba ya fita. Na zauna gaban fitila, yatsuna suka yi shuɗi, gefen hannuna ma haka, ga wani ƙulli da ya fito min a yatsar tsakiya. Sunayen da ke cikin wasiƙar su suka fi ba ni wahala, don wasu haruffan sun goge. Na tambayi Yaya ko wannan "o" ne ko "a", ya leƙa ya ce, "Rubuta wanda ya fi kama, wa ya san shi?" Haka mutum guda ya fita daga gidanmu da sunaye iri-iri.

Bayan na girma na gane haka ake yi ko'ina. A shekarar 2003 wasu masana uku, Charles Bennett da Ming Li da Bin Ma, sun wallafa nazari a mujallar Scientific American a kan kwafi 33 na irin wannan wasiƙa da aka tara tsakanin 1980 da 1995. Da kura-kuran masu kwafi suka bi diddigi, suka fitar da wace ta haifi wace, kamar yadda ake bin salsalar halittu.

Rubutu ya ƙare, sai rigima ta koma kan rarrabawa. Wa za a ba? Yaya ya ce a fara da ƙanwar Inna, tunda kusa take. Inna ta zabura ta ce a'a, tana da juna biyu, kada a tayar mata da hankali. Aka ambaci aminiyarta, ta ce mijinta ba shi da lafiya, ba ta da sukunin rubutu. Goggo na gefe tana jan carbi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "To ke, in alheri ne, me ya sa kike ɓoye wa naki?"

Inna ba ta amsa ba. Ƙarshenta Yaya ne ya bi ya zura su ta ƙarƙashin ƙofofin mutanen da ba mu sani ba, wasu ya saka a jakunkunan 'yan ajinsu lokacin tara. Ina jin haka aka yi mana mu ma: wani ne ya rasa inda zai sauke kayansa, ya ga lambar akwatin Baba.

Kwana huɗu suka cika, ba wanda ya kira Baba aiki. Amma a makon wani da Baba ke bi bashi ya kawo rabin kuɗin. Inna ta kalli Baba da ido irin na "ka gani ko?" Goggo ta ce ita tun shekaranjiya hannunta na dama ke ƙaiƙayi. Baba ya ce mutumin dama ƙarshen wata ya yi alkawari, kuma ƙarshen watan ne. A makon dai Yaya ya faɗo daga keke ya goce a kafaɗa, amma ban ji wanda ya sa wannan a lissafin wasiƙa ba.

Lissafin da ya kamata a yi, ba wanda ya yi shi. In kowa ya cika umarni, 20 su zama 400, su zama 8,000, a zagaye na bakwai an kai biliyan 1.28, a na takwas biliyan 25.6, fiye da ninki uku na mutanen duniya, waɗanda sai a 2022 suka kai biliyan 8. Zagaye takwas na kwana hurhuɗu kwana 32 ne kacal. Tunda wasiƙar ta yi shekaru tana yawo ba ta ƙare duniya ba, ke nan mafi yawan masu karɓa jefarwa suke yi, kuma suna nan da ransu. Masu neman kuɗi ma da wannan ninki suke ruɗar mutane. A 1935, lokacin matsin tattalin arziki a Amurka, wata ta ɓarke a birnin Denver: sunaye shida, ka aika wa na sama santi goma, ka sa naka a ƙasa, ka yi kwafi biyar, wai za ka samu dala 1,562.50. Gidan waya ya cika maƙil da wasiƙu, akasarin mutane ba su ga komai ba.

Ni dai har gobe ina bambanta camfin Goggo da wasiƙar nan. Dokokinta, in ka tona, da yawa akwai abin da suke karewa: yaro da reza a cikin duhu, ko ƙaramin abu mai daraja da za a share a zubar ba a gani ba. Wasiƙar kuwa ba abin da take karewa sai kanta. Buƙatarta ɗaya, a kwafe ta.

Bayan 'yan watanni Goggon da ta yi tsaki ita ce ta shigo da tata, a ninke cikin gefen mayafi, jikinta na ɓari. Wasiyyar Shehu Ahmad ce, wanda aka ce mai hidimar kabarin Annabi (SAW) ne a Madina. Wai ya yi mafarki a daren Juma'a an gaya masa daga Juma'a zuwa Juma'a mutum 160,000 sun mutu ba a kan Musulunci ba. Wanda ya kwafe ta ya aika gari-gari za a gina masa gida a Aljanna, in matalauci ne ya wadata, in bashi ake bin sa ya biya. Wanda ya ƙi, ba shi da ceto. Wannan karon Goggo ce ta kira ni da kanta, ta ce in ɗauko kabon.

Allah Ya sa ranar Kawu ya zo, wan Inna, wanda ya yi karatun addini mai zurfi. Ya karɓa ya duba, ya ce, "Hajiya, wannan takarda ta girme ki." Ya ce Rashid Rida, mai mujallar Al-Manar a Alƙahira, wanda ya rasu a 1935, ya faɗa cewa tun yana yaro yake ganin ta. Shaihu Abdul'aziz bin Baz kuma ya yi rubutu musamman yana ƙaryata ta, har ya ce ya tambayi dangin mutumin suka ce ƙage aka yi masa. Sai Kawu ya kawo hujjar da ta sa kowa ya yi shiru: Alƙur'ani kansa, wanda bai kwafe shi da hannu ba, ba a ce ya rasa ceto ba, to wace takarda ce wannan da ta fi Alƙur'ani? Ya karanto hadisin da ya ce wanda ya yi wa Annabi ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta, ya ce mai yaɗawa bayan ya sani yana ciki.

Goggo ta ce, "To in kuma gaskiya ce fa?"

"In gaskiya ce, Hajiya, da ba a ɓoye ta sai a mafarkin mutum ɗaya ba."

Baba ya ce a ƙone ta, tunda akwai sunan Allah ba a jefarwa a bola. Goggo ta miƙa hannu ta karɓe abinta, ta ce ba za a kwafa ba, ta ji, amma ba za a ƙone ba. Ta kai ta ƙasan akwatinta ta kulle. Wasiyyar nan kuwa ba ta mutu ba, yanzu ta waya take zuwa min, duk da tun 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda.

Ashe ba wannan ya kawo Kawu ba. Bayan la'asar ya ja Baba gefe, na ji sunana sau biyu, na ji an ambaci makaranta, sai na ga Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Abin da suka yanke a kaina, da yadda na bar gidanmu, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.