Rigar da ta kusa sa ni yaye Ummi kafin lokaci

Ummi tana da wata goma sha huɗu aka yi bikin 'yar wan mijina a cikin birnin Zariya, can wajen Kwarbai, bayan ƙaramar sallah ta 2024. An fitar da anko, atamfa mai ruwan goro, na kai wa tela a Tudun Wada ya yi min doguwar riga mai kama jiki, zif a baya tun daga wuya har ƙugu, irin wadda ake yayi. Ranar wuni gida ya cika maƙil da mata, ga zafin Afrilu. Ummi ta fara ƙananan kuka, tana cusa hannu a wuyan rigata tana cewa "nono, nono". Na duba rigar nan, babu ta inda zan ba ta. Ba ta ɗaguwa daga ƙasa, wuyan kuma ba ya saukowa. Haka na ratsa tsakar gida da yarinya tana tsala ihu, na roƙi wata tsohuwa ta buɗe min ɗakinta, na samu wata budurwa ta zuge min zif, na sauke rigar har ciki na zauna bakin gado ina haɗa gumi. Sau uku na yi haka kafin magariba. A na ukun gwaggon mijina ta leƙo ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, yarinya da ƙafarta da haƙoranta, me ya rage? Kai ta wurin kakarta ta yi kwana bakwai ki huta."

A keke muna komawa Gyallesu na kusa yanke shawarar bin maganarta. Da dare na buɗe akwatin kayan fitata ina dubawa ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kusan duk ɗinkin da nake ji da shi zif ɗinsa a baya yake. A gida, da zani da 'yar riga, shayar da Ummi bai taɓa gajiyar da ni ba. Fita ce take zame min aiki, fitar ma saboda tufafin.

Ina da dalilin da ya sa ban so yin gaggawa ba. Yayanta Abba yana da wata goma sha biyar aka ɗauke shi rana ɗaya aka kai shi gidan Hajiya, mahaifiyar mijina, kamar yadda aka saba. Aka ba shi rubutun yaye, aka dama masa kunu, ni kuma aka ce in shafa ɗaci idan ya dawo. Kwana huɗu ƙirjina a kumbure kamar dutse, har da zazzaɓi. Shi kuma ya dawo a rame, ya yi wata guda yana ƙin abinci, da dare ya farka yana lalube. Babu wanda ya yi hakan da mugun nufi, haka aka yaye mu mu ma. Amma na ƙudurta a raina idan Allah ya sake ba ni haihuwa zan cika shekara biyu, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta faɗa ga wanda ya so cika shayarwa. A wurin awo ma abin da ma'aikatan jinya ke ta nanatawa ke nan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu ko fiye. Tsakanin wata 12 zuwa 24 nono yana iya ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke nema. Masu cewa ya zama ruwa bayan shekara ba su faɗi daidai ba.

Wata shidan farko ban sha wuya ba. Ni malamar makaranta ce, kuma tun 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata shida. Jariri kuma ba shi da rigima, ka sa shi cikin hijabi ya sha ya yi barci. Mai shekara ɗaya da rabi wani abu ne dabam. Ummi ba ta yarda a rufe mata fuska. Takan kama bakin hijabin ta yaye shi, ta saki nono ta waiga don ta ji an yi sallama, ta dawo ta kama, ƙafa ɗaya tana sama. Rigar da za ta yi wa uwar irin wannan yaro amfani sai ta rufe uwar ko da yaron ya ture mayafi.

Kunya ta hana ni yi wa tela namiji wannan bayanin. Sai na tafi wurin wata maƙwabciyarmu mai ɗinki a cikin gida, uwar 'ya'ya biyar. Ina fara magana ta yi murmushi ta ce, "Maman Abba, ai rigunan iyayenmu duk na masu goyo ne. Mu ne muka matse kanmu." Gaskiya ta faɗa. Buba mai faɗi da zani ba ta taɓa hana kowa shayarwa ba. Illarta ɗaya, idan ka ɗaga ta ciki da gefen baya suna fita, kuma ni a ɗakin malamai da maza nake zama.

Gwajin farko mun sa zif a gaba, tsakiyar ƙirji. Ya yi aiki, sai dai yana buɗe ƙirjin gaba ɗaya, ga haƙoran ƙarfen sun karce wa Ummi kunci har ya yi ja. Na biyun ne ya zauna. Ta yanka gaban rigar gida biyu, ta sa gajeren zif na roba a kowane gefe, mai tsawon inci takwas, ta kwantar da shi a ƙarƙashin wata tattara da ta sauko daga kafaɗa. Idan ina tsaye ba mai cewa akwai wani abu a wurin, ado kawai ake gani. Idan na zauna, hannu ɗaya ya isa in zuge, ɗaya yana riƙe da yarinya. Wannan na hannu ɗaya shi ne ma'aunina yanzu: duk rigar da sai na sa hannu biyu kafin in buɗe, ba ta mai goyo ba ce. Daga baya ta yi min wata mai hawa biyu, na sama ya sauko kamar 'yar fuka-fuki har ƙasan ƙirji, na ciki kuma a tsage. Ita na fi sawa zuwa makaranta, domin ko Ummi ta saki ta juya, na saman yana faɗowa da kansa ya rufe ni. Tsofaffin dogayen riguna guda huɗu ma ta farke gabansu ta gyara, ban sayi sabon turmi ba sai na babbar sallah.

Yadi ma da nasa. Leshi mai duwatsu yana sukar fuskar yaro. Shadda mai launi ɗaya, ɗigon nono kaɗan sai ya bar tambari kowa ya gani. Atamfa mai yawan zane ita ce rufin asiri, tana shan gumi kuma tana jure wanki. Rigar mama mai ƙarfe a ƙasa na daina sawa tun da ta danne min gefe guda ya yi ƙullutu mai ciwo. A wurin masu gwanjo a kasuwar Sabon Gari na samu irin wadda ake ɓalle marfinta daga sama, na sayi uku. Da hunturu kuwa, lokacin da sanyin Zariya ke shiga ƙashi da asuba, rigar sanyi mai maɓalli a gaba na koma sawa, don wadda ake zurawa ta kai sai an tattare ta duka.

Da damina, tana da wata goma sha takwas, gudawa da amai suka kama ta. Kwana biyu ba ta karɓi komai ba. Faten tsaki da rama da take so ta kau da kai, kunun gyaɗa ta ture cokali. Ruwan gishiri da sukari da aka ba mu a asibiti da ƙyar nake ɗura mata, amma nono tana kamawa. A kan bencin jira na zauna cikin mutane, maza da mata, na zuge gefe ɗaya tana sha a hankali idonta a lumshe, babu wanda ya san abin da ake ciki. Hajiya tana gefena. Ita ce da ma take yawan ce wa ɗanta yarinya za ta sangarce, kuma tana tsoron kada in yi kwanika. Ta daɗe tana kallonmu, can ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Da an yaye ta da me za mu riƙe ta yau?" Na ce, "Amin, Hajiya." Ba ta sake tayar da maganar yaye ba.

Ba na ce babu gajiya. Akwai daren da nake ji kamar a ɗauke min ita in yi barci, akwai cizo lokacin da turame ke fitowa. Idan ta ciza nakan sa ɗan yatsa a gefen bakinta in cire, in ce "a'a", in ajiye ta. Sau kaɗan ta gane. Na kuma koya mata jira. Abinci tukuna, nono daga baya. A hanya ko a gidan mutane in ce, "Sai mun je gida," kuma idan mun je in cika alkawari, don idan na saɓa sau ɗaya ba za ta ƙara yarda ba. Kafin ta kai wata ashirin da biyu, sau uku kawai take shan nono a rana: da asuba, bayan na dawo daga makaranta, da lokacin kwanciya.

Na fara janye na rana, Baban Abba yana fita da ita zaga unguwa a daidai lokacin. Bayan mako biyu na janye na asuba. Na dare ne ya fi wuya, shi muka bari har ta cika shekara biyu a watan Fabrairun 2025, ana saura kwanaki a ɗauki azumi. Ba a kai ta ko'ina ba, ban shafa komai ba, ƙirjina bai kumbura ba. Daren ƙarshe ta sa hannu ta lalubo zif ɗin da kanta, ta ja shi ƙasa ta mayar sama, ta ce, "Ya ƙare?" Na ce, "Ya ƙare, Ummina, ga ruwa." Ta sha, ta ɗora kai a ƙirjina, ina shafa bayanta har ta yi barci.

Rigunan suna Samaru yanzu wurin ƙanwata, ɗanta yana wata goma. Mai hawa biyun kawai na riƙe.