Tarihin Rayuwata, Kashi na 8: Kwana Taran da Majo Ta Ƙi Yafe Mini

Makon jiya na tsaya a inda Inna ta faɗi a bakin murhu da safiyar wata Talata, aka sa ta a adaidaita zuwa asibiti, baki ya karkace, hannun dama ba ya motsi. Hawan jini ne. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, a lokacin ina tsakiyar sitaj ɗina, wato koyon aiki a asibiti, a ɗakin yara, shekarata ta biyu a makarantar aikin jinya. Kwana tara ban taka wurin ba. Ban kai takarda ba, ban aika kowa ba. Ni ce babbar ɗiya mace a gidanmu na Bagalam. In ban juya Inna ba, ban wanke ta ba, ban ba ta koko a cokali ba, wa zai yi? A raina na ce duk mai imani zai gane.

Ga ƙannena da suka ci bak suna shirin shiga wannan karatu, bari in ɗan warware muku yadda yake, don ni ba wanda ya warware mini. Lisans ɗin jinya shekara 3 ce, an raba ta zango 6. Kowane zango yana da kiredi 30, shekara 60, sai ka tara 180 cif kafin a ce ka gama. Darussa a ɗaure suke dami-dami, kowane dami muna ce masa UE, kuma maki a kan 20 ake ba da shi, 10 ce gadar tsallakewa. A makarantarmu, in darasi ɗaya ya yi ƙasa, ɗan'uwansa na cikin dami guda yana iya ɗaga shi. In damin gaba ɗaya ya faɗi, akwai zama na biyu, ratarapaj. Duk wannan mun haddace shi tun shekarar farko, har mun ƙware a lissafin wane darasi zai ɗauki wane. Abin da ban ɗauka da nauyi ba shi ne, sitaj ma kiredinsa gare shi, kuma shi ba ya da ɗan'uwan da zai ɗaga shi. Ko 18 kika samu a takarda, ba ta biya miki kwana ɗaya na bakin gadon majinyaci.

Ranar da aka kafa sakamako a allo na iske sunana da tabo biyu. Farmakoloji, wato ilimin magunguna, na samu 8. A gaban sitaj kuma an rubuta kalmomi biyu na Faransanci da jan bik, ma'anarsu bai karɓu ba.

Na farkon bai ba ni mamaki ba. Lissafin magani ne ya kayar da ni. A ce ruwa mililita 500 zai shiga jiki cikin awa 4, ɗigo nawa a minti? Yau ko daga barci aka tashe ni zan ce 42, amma a lokacin kaina kullewa yake. Na yi sati biyu ina zaune gefen tabarmar Inna da kaye da fitilar waya, na shiga ratarapaj na fito da 13. Wannan ya wuce.

Na biyun ne ya hana ni barci. Ba a shiga shekara ta uku da sitaj a rataye, kuma ba ya sauka sai majo, wato shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin, ta sa hannu a karnen sitaj, ta buga hatimi.

Kawu, ƙanen Inna, shi ya fara cewa abin ba wani abu ba ne. Mutum ne mai jama'a, ba ofishin da bai san wani a ciki ba. Ya ce, "Ke kwantar da hankalinki, ɗiyata. Sa hannu ne fa kawai. Gobe mu je tare." Baba yana zaune yana jan carbi, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, daɗi na ji.

Mun sami Majo bayan zagayen safe. Mace ce da ta kusa ritaya, gajera, gilashinta a rataye da zare. Ta saurari Kawu har ya gama, ta yi wa Inna addu'ar samun sauƙi, ta tambayi wane magani take sha, ko ana motsa mata hannun. Sannan ta ce, "Alhaji, ka ba mu wuri kaɗan, ni da ɗiyata." Da ya fita ta miƙo hannu na ba ta karnen. Ta buɗe shafin da aka jera ayyukan da ake so ɗalibi ya yi da hannunsa, kowane da gurbin kwanan wata da sa hannu. Ta bi su da yatsa.

"Kin taɓa sa wa yaro tiyon hanci na abinci?"

Na ce, "A'a, Majo."

"Kin taɓa samun jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse?"

Na yi shiru.

"To mi kike so in shaida? Uwarki ta yi ciwo, kin yi abin da ɗiyar kirki ke yi, Allah ya yi miki albarka. Amma wannan takarda ba ta tambaye ni ko ke ɗiyar kirki ce ba. In kin gama, CSI za su tura ki, ƙaramin asibitin ƙauye, can cikin Dakoro ko Mayahi. Can babu lokotoro. Ke ce lokotoron, ke ce mai magani, wani dare ke ce sajfam mai karɓar haihuwa. Ran da aka kawo miki yaro ƙarfe biyu na dare, sa hannuna ba zai riƙe miki allura ba."

Na fito ina kuka, kuma ba kukan nadama ba ne, na haushi ne. A kan kabu-kabu har gida ina cewa a raina matar nan ba ta da tausayi. Na san ƴan ajinmu da suka yi fashin da ya fi nawa a wasu ɗakuna, aka sa musu hannu ba tambaya. Wannan har yau yana yi mini ciwo, sai dai yanzu ba don kaina ba, don majinyatan da ke hannunsu. Kuma har gobe ina ganin makarantar da laifinta. Da ranar farko sun ba mu ƙa'idar a rubuce, sun ce mai uzuri ya kawo takarda cikin kwana kaza, da rama kwana tara kawai zan yi. Tunda ban sanar ba, aka ce in sake sitaj ɗin daga farko, sati shida, cikin hutu, kuma in biya kuɗinsa. Baba ya sayar da buhun gero ɗaya daga na cin gida. Bai ce mini komai ba, wannan ya fi faɗa zafi.

Hutun kuwa ya faɗo a watan Agusta. Duk ɗan Maradi ya san abin da damina ke kawowa ɗakin yara: masassarar cizon sauro da tamowa, tare suke zuwa kamar an aiko su. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ruwa ya kwanta ko'ina. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta, don haka uwaye suna zuwa daga Tibiri, daga Madarunfa, daga Gidan Rumji, har da na ƙetaren iyaka ta wajen Jibiya. Gado ɗaya yara biyu, wani lokaci uku. Sitaj ɗina na farko cikin sanyi na yi shi, mu goma sha biyu muna bin majo kamar ƴan kaji, kowa na leƙe ta kafaɗar wani. Wannan karon ni kaɗai ce ɗaliba, kuma hannu ake nema.

A sati na farko na koyi abin da zango biyu bai koya mini ba. Zaren awon damtse, in ya nuna ja, ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Yaron da ya kumbura ko ya ƙi cin abinci ba a cika masa ciki da sauri, madarar masu tamowa da ake kira F-75 ake fara ba shi kaɗan-kaɗan, sai ya farfaɗo a ƙara masa mai ƙarfi. Na sa tiyon hanci har na daina ƙirgawa. Na koyi yi wa uwa magana, wanda babu shi a kowace UE: yadda za ki ce wa matar da ta bar gona da yara huɗu a gida ta ƙara kwana biyar, ba tare da kin sa ta ji kamar ita ta jawo ciwon ba.

Daren da ba na mantawa, ina gardi, wato aikin dare, wajen ƙarfe biyu da rabi, aka shigo da wani yaro ɗan shekara biyu yana jijjiga, idanu sun juye. Kakarsa ce ta goyo shi, zanenta jiƙe da ruwan sama. Ma'aikaciyar da nake tare da ita tana kan wani yaron da ake ƙara wa jini. Ta ɗago kai ta ce, "Auna shi, duba sukari, nemo jijiya. Ina zuwa." Kilo 9. Gwajin masassara ya nuna tana nan, sukarin jini ya faɗi ƙasa. Hannuna yana rawa na ɗaura roba, na shafa bayan hannunsa, ban ga komai ba. Na koma ɗayan. Na soka, na kuskure. Kakar ta ce, "Yi a hankali, ɗiyata, Allah na tare da ke." A karo na biyu jini ya biyo.

Sai lissafi. Ruwan sukari mai kashi 10, mililita 5 kowane kilo, 45 ke nan. Allurar artesunat ta masassarar cizon sauro, tunda bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 kowane kilo, 27 ke nan, a maimaita bayan awa 12, a sake a awa 24. Na faɗa da ƙarfi, ma'aikaciyar ta sake lissafawa ta ce haka ne, ta tsaya a kaina na ba shi. Darasin da na samu 8 a cikinsa ne ke fita daga bakina a daren nan. Da asuba yaron ya buɗe ido ya yi kuka, kakar ta fashe da nata kukan. Ba duka ne suka tashi haka ba. A sati shidan nan na rufe wa yara fuska da zanen uwayensu, kuma ba zan ba da wannan labarin a nan ba.

Ranar ƙarshe Majo ta karɓi karnen, ta sa gilashi, ta bi gurabun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ta yi a farko. Babu wanda ya rage. Ta sa hannu, ta hura hatimi ta buga, ta rubuta 15. Ta ce, "Ki gaida mini Innarki. Ku ci gaba da motsa mata hannun, kar ku gaji." Na durƙusa na yi godiya, ta riga ta juya wajen wani gado.

Haka na shiga shekara ta uku da kiredi 120 cif, ba bashi. Gabana akwai sauran 60, da sitaj na ƙauye a CSI, da memuwar da zan rubuta in kare a gaban malamai, sannan jarrabawar ƙasa guda ɗaya da ƴan makarantun gwamnati da na kuɗi suke zama tare, wadda in ba ka ci ta ba duk shekara ukun ba su ba ka izinin taɓa majinyaci da sunan ma'aikaci. A makarantarmu kuma ba a aika sunan wanda bai cika kuɗin shekara ba.

Na kawo wa Baba takardar kuɗin da magariba. Ya riƙe ta nesa da ido yana dubawa, ya ninke ta ya sa a aljihu. Kafin ya yi magana sai muka ji sallamar Gwaggo a zaure, ita da wasu mata biyu da ban sani ba, ɗaya tana ɗauke da ƙwaryar goro a lulluɓe. Abin da ya kawo su, da abin da Inna ta faɗa da bakinta da bai gama miƙewa ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.