Aenictus, ƙananan kwarkwasar Asiya

Wanda ya san kwarkwasa zai raina waɗannan, don ma'aikatansu da wuya su wuce milimita 5. Launinsu rawaya zuwa ruwan ƙasa mai duhu, kuma makafi ne, ƙamshi suke bi. Da gilashin ƙara girma a duba ƙugu: ƙulli 2 ne, na Dorylus (kwarkwasar da aka saba gani a Afirka) 1. Nan masu koyo ke ruɗewa, domin namijin Aenictus ƙulli 1 gare shi, ga fiffike da manyan idanu, yana zuwa fitila da dare.

Sun fi yawa a Indiya, kudancin Sin, Tailan da Indonesiya, har arewacin Ostareliya. Afirka ma tana da nata. Ba su da gida tsayayye, ƙwai da tsutsar wasu tururuwa suke kwashewa.