Bangon da ake cirewa, sai ga waya a cikinsa

Wallahi har yanzu in na tuna abin nan raina ɓaci yake. Wani ƙaramin asibiti muka yi nan Damagaram, ni ke kula da shantiye, wato wurin aikin ginin, kuma tun a pilan an shirya bangon tsakanin ɗakunan kwanciya ya zama na allo mai ƙusoshi, ginshiƙai su ɗauki nauyin rufi, in marasa lafiya sun yi yawa a kwance allunan ɗaki uku su koma zaure guda. Duk wanda ya ga asibitocinmu daga Agusta zuwa Oktoba ya san dalili, palu, wato zazzaɓin cizon sauro, na kwaso yara har ka ga biyu a gado ɗaya, ga sanƙarau da ta faɗo mana ƙarshen 2022.

Rufi biyu da iska ke wucewa tsakaninsu da pano a sama duk sun yi daidai, ko a zafin Afrilu ɗakunan na zaunuwa.

To amma mai kuran, wato mai jan wutar lantarki. Bawan Allahn nan sai ya bi da wayoyi ta cikin allunan da za a riƙa cirewa, wai ya fi kyan gani kuma wayar ba za ta ci da yawa ba, mai tiyo ma ya gani ya bi sawunsa ya kafa lababo, wato wurin wanke hannu, jikin allo guda. Aka rufe aka shafa fenti ba wanda ya lura. Damina ta yi tsaka majo, wato shugaban ma'aikatan jinya, ya kira ni, Malam ku zo ku buɗe mana yara sun cika har baranda, muna kwance ƙusa ta farko sai ga waya ta leƙo, kuma layin nan shi ke kai wa firigon allurar rigakafi. Haka muka tsaya cirko-cirko, uwaye zaune kan tabarma suna kallonmu.

Sai da aka kwashe allurai cikin kula mai ƙanƙara, aka yanke kuran, aka sake jan waya ta sama da jikin ginshiƙai, tiyo kuma aka mayar bangon waje na siminti. Kuɗin gyaran sun fi abin da mai kuran ya ce ya rage nesa ba kusa ba, kuma a garin da ruwa ke wuya irin namu kowane tiyo ka fasa asara ce.

Yanzu ko wa zai yi min aiki, kafin a ɗaura allo sai na zagaya da jan fenti na yi alama, wannan na cirewa ne, ko igiyar shanya kar a ɗaura masa. Mai kuran kuwa har yau cewa yake ai ba a faɗa masa ba, alhali pilan na aljihunsa.