Abin da na ɗauko daga shekara uku a ofishin manhajar adashe

Jiya na miƙa makullin ofis da kwamfutar aiki. Kafin in manta, bari in rubuta abin da ya faru a 2023, tunda har yau akwai waɗanda suke ganin ni na jawo.

Manhajarmu ta adashe ce, ta 'yan kasuwa, daga baya aka ƙara ɗan rance. Oga ya ce in sa ta riƙa karanta lambobin da ke wayar mutum, don in ya ƙi biya a kira 'yan'uwansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan zai ja mana." Ya ce kowa haka yake yi. Sau ɗaya na faɗa, na yi shiru, na sa abin a cikin manhajar. Kuskurena ke nan, kuma ban sa ya ba ni umarnin a rubuce ba. A ƙarshen watan Mayun shekarar ƙa'idar kantin manhajoji na Google da ta hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan mutane ta fara aiki. Ba a jima ba aka sauke mu daga kantin manhajoji. A taron safe oga ya dube ni gaban kowa ya ce, "Kai ne masanin, me ya hana ka faɗa?"

Sati biyu ina zagaya Kantin Kwari rumfa-rumfa, ina tura wa masu Tecno da Infinix fayil ɗin manhajar ta Xender. Da wayar ta nuna gargaɗin cewa abin ba daga kanti yake ba, sai mutum ya janye hannu, ya ce a bari sai ɗansa ya zo. Wata Hajiya mai atamfa kuwa iPhone ce a hannunta, kuma kuɗin zubinta na wata huɗu suna cikin adashenmu. Na ce mata wayarta ba ta karɓar manhaja sai ta kantin Apple, kamfanin da ya ƙera ta. Ta ce, "Ɗana, da kuɗina fa na saye ta." Na rasa amsa. Shafin intanet na haɗa mata cikin dare uku don ta ga lissafinta.

Sai a Maris 2024 dokar Tarayyar Turai ta sa Apple ya yarda da wasu kantuna a iPhone, amma ga mazauna can kaɗai. Wayar Hajiya tana nan yadda take.

Ga wanda zai gaje ni: asusun kantin manhajoji kada ya zauna a imel ɗin mutum ɗaya. Ka ajiye shafin intanet ko da manhaja na tafiya lafiya. In oga ya ba ka umarni da baki, ka tura masa saƙo ka ce "kamar yadda ka ce".

Shafin nan na dare uku shi ne kamfanin yake ci da shi yanzu. A takardar sallamata ba a ambace shi ba.