Asabar, 15 ga Yuli, 2023: Ons Jabeur ta sake faɗuwa a wasan ƙarshe

Minti 80 kacal aka yi ana wasan. 6-4, 6-4. Marketa Vondrousova ta ɗauki kofin gasar tanis ta Wimbledon, Ons Jabeur ta tsaya a tsakiyar fili riƙe da farantin wadda ta zo ta biyu, hawaye na zuba ta kasa tsayar da su. Yanzu dare ya yi, na kashe talabijin tun ɗazu, amma barci ya ƙi zuwa, shi ya sa na zauna rubutu.

Tun safe hankalina ba ya jikina. Duk aikin da na taɓa rabi da rabi na yi shi, ina ta duba agogo saboda ƙarfe biyu na rana agogon Landan za a fara. Wajen hantsi Yaya ya kira ni. Shi ba ya kallon tanis, ƙwallon ƙafa ce tasa, amma tun bara na dame shi da zancen Jabeur har ya haddace sunanta. Ya ce, "To, yau dai 'yar taki za ta ɗauko ko?" Na ce, "Yaya, in Allah ya yarda. Wadda ta kori Rybakina da Sabalenka ai ba ta 42 a duniya ce za ta tare mata hanya ba." Vondrousova nake nufi. Ya yi dariya ya ce shi dai a iya saninsa, wasan da kowa ya ce an riga an ci, shi ne ba a ci.

Ba ni kaɗai na yi wannan lissafin ba. Duba hanyar da ta bi ta iso yau: Bianca Andreescu a zagaye na uku, Petra Kvitova a na huɗu da ci 6-0, 6-3, sannan Elena Rybakina wadda ta ƙwace mata kofin nan bara, sannan Aryna Sabalenka. Mata huɗu a jere, kowacce ta taɓa cin ɗaya daga cikin manyan gasa huɗu na duniya. A wasanni biyun baya ma sai da aka ci ta turmin farko ta farfaɗo ta yi nasara. Wa zai ga wannan ya yi shakka? Sai dai akwai abin da muka kau da ido a kansa: Vondrousova ta doke ta sau biyu a bana, a Ostareliya cikin Janairu da kuma Indian Wells cikin Maris.

An rufe rufin filin saboda iska mai ƙarfi. Jabeur ta fara da kyau, 2-0, sannan 4-2. Daga nan komai ya kwance. Ta rasa wasa huɗu a jere, turmin farko ya tafi. A na biyu ta sake shiga gaba 3-1, na miƙe tsaye na ce to ga ta nan ta dawo, sai kuma ƙwallayen suka ci gaba da faɗawa raga. Ƙafafunta sun yi nauyi, wannan ko daga talabijin ana gani. Vondrousova ta kammala da bugu ɗaya a bakin raga ta zube a ciyawa.

Abin da nake ta juyawa a raina shi ne irin wasan Jabeur da abin da yake bukata. Yawancin matan da ke sama a yanzu ƙarfi ne makaminsu: a tsaya a layin baya a rinƙa narka ƙwallo har abokiyar karawa ta gaza. Ita ba haka take ba. Za ta ɗaga raket kamar za ta narka, sai ta shafi ƙwallon a hankali ta tsallake raga da ƙyar ta mutu a wurin, abokiyar karawa na can baya tana gudun banza. Za ta yanko ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa, ta sauya sauri, ta sauya kusurwa, har mutum ya rasa ta ina za ta ɓullo. Irin wannan wasa hannu sakakke yake so. Mai wasan ƙarfi ko tsoro ya kama ta tana iya rufe ido ta narka, wani lokacin ta dace. Mai wasan dabara kuwa, da zarar wuyan hannu ya sandare ko da kaɗan ne, ƙwallon da ya kamata ta faɗi bayan raga sai ta faɗi gabanta. Abin da na gani yau ke nan daga 4-2 har ƙarshe.

Kuma ta haɗu da wadda ba ta ba ta abin da take so. Rybakina da Sabalenka suna aiko da ƙwallo da gudu, Jabeur ta ari ƙarfinsu ta mayar musu. Vondrousova bahaguwa ce, ita ma 'yar dabara, tana maido da kowace ƙwallo a sanyaye, ta bar ki ke ki nemo ƙarfin da kanki, ki kuma sami lokacin yin tunani. Yau tunani ne babban abokin gabar Jabeur. Ba zan rage wa 'yar Jamhuriyar Cek ɗin komai ba. Ta kai wasan ƙarshe a Faransa a 2019, ta ci azurfa a gasar Olamfik ta Tokyo, bara war haka kuma 'yar kallo ce a Landan da hannu a ɗaure bayan tiyatar wuyan hannu. Ita ce mace ta farko tun da aka buɗe gasar ga ƙwararru a 1968 da ta ci Wimbledon ba ta cikin 'yan wasan da aka ware a matsayin manya. Ta cancanta. Ni dai ba ita nake so ba.

Bayan an tashi na daɗe zaune ina tuna inda wannan mata ta fito. An haife ta a Ksar Hellal a Tunisiya a 1994, ta girma a Sousse da ke bakin teku. Mahaifiyarta ce mai sha'awar wasan, ita ta miƙa mata raket tana 'yar shekara uku. Kulob ɗin da ta fara ba shi da filin kansa, a filayen otal-otal na masu yawon buɗe ido kocinta na farko, Nabil Mlika, yake koya mata. Tana da shekara 12 ta bar gida ta koma makarantar wasanni ta El Menzah a birnin Tunis, daga baya ta tafi horo Beljiyam da Faransa. A 2010 ta kai wasan ƙarshe na matasa a gasar Faransa, Elina Svitolina ta doke ta. A 2011 ta koma ta ɗauki kofin a hannun Monica Puig.

Ɓangaren da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. Daga 2011 sai 2017 ta shiga cikin ɗari na farko a duniya. Shekara shida tana yawon ƙananan gasa, inda 'yar wasa ke biyan kuɗin jirgi da masauki da albashin koci daga aljihunta, kuɗin da ake ci kuma sau da yawa ba ya rufe abin da aka kashe. Tanis ba kamar ƙwallon ƙafa ba ne da kulob zai biya ka ko kana benci. In ba ki ci ba, babu. In kin ji rauni, babu. 'Yar Faransa ko Amurka ko Ingila tana da hukumar da babbar gasa ke cika wa asusu duk shekara, tana kuma samun gurbin alfarma a gasannin ƙasarta. 'Yar Tunisiya ba ta da ko ɗaya. Da yawa a wannan matakin suke ajiye raket, ba wanda zai ji labarinsu. Ita ta daure, kuma da mutanen gida ta hau: kocinta Issam Jellali ɗan Tunisiya ne, mai kula da ƙarfin jikinta kuma mijinta ne, Karim Kamoun, tsohon ɗan wasan takobi.

Daga 2020 abin ya buɗe. Ta kai zagayen mutum takwas a Ostareliya, Balarabiya ta farko da ta yi haka a babbar gasa, a hanya ma ita ce ta buga da Caroline Wozniacki wasan da Wozniacki ta yi bankwana da shi a lokacin. A 2021 ta ci kofin Birmingham, na farko da wata Balarabiya ta ci a babban rukunin mata, ta shiga goma na farko cikin Oktoba. A 2022 ta ci Madrid da Berlin, ta hau matsayi na biyu a duniya, har Serena Williams ta zaɓe ta abokiyar wasan bibbiyu a Eastbourne. Sai wasan ƙarshe na Wimbledon, ranar da ta dace da Babbar Sallah, ta ci turmin farko 6-3, Rybakina ta juya wasan 6-2, 6-2. Bayan wata biyu Iga Swiatek ta doke ta a wasan ƙarshe a New York. Na yau shi ne na uku cikin wata goma sha biyu da 'yan kwanaki.

Kowace nasara da na lissafa tana ɗauke da "ta farko". Balarabiya ta farko, 'yar Afirka ta farko, 'yar Tunisiya ta farko. Da daɗin ji, amma ina ganin yau kayan sun yi mata yawa. Vondrousova ta shigo fili tana wakiltar kanta, ƙasarta ta riga ta ƙoshi da kofuna tun zamanin Navratilova da Novotna da Kvitova, ko ta faɗi ba wanda zai ce Cek ta faɗi. Jabeur ta shigo kamar mai tallar da aka ɗora wa tulun unguwa gaba ɗaya aka kuma ce ta yi rawa. A Tunisiya Ministar Farin Ciki suke kiranta. Ita da kanta ta sha faɗa cewa don yaran ƙasarta da na Afirka da na Larabawa take wasa, bara ma har hoton kofin ta sa a fuskar wayarta. Ba wanda ya tilasta mata, gaskiya ne. Amma mu da muke zaune gaban talabijin daga Tunis har ko'ina muna jiran ta wanke mana zuciya, muna cikin nauyin nan, kuma na tabbata tana jin mu.

Da aka miƙa mata makirfo ta ce wannan ce faɗuwa mafi ciwo a rayuwarta ta wasa, ta kuma yi alkawarin za ta dawo wata rana ta ci gasar. Gimbiyar Wales, wadda ta miƙa kyaututtukan, ta rungume ta tana rarrashi. A nan ne nima na kasa riƙe nawa.

Da magariba Yaya ya sake kira. Bai yi min dariya ba, na gode masa da wannan. Ya ce, "Ƙanwata, sai haƙuri. Amma ai an ba ta kuɗi ko?" Na ce an ba ta, fam miliyan 1.175, rabin na wadda ta ci. Ya ce to kukan me ake yi? Na rasa yadda zan bayyana masa, sai na ce ya tambayi duk ɗan ƙwallon da ya faɗi wasan ƙarshe ko alawus ya taɓa share masa hawaye. Ya ce na ci wannan. Na kuma karanto masa sunayen da nake lallashin kaina da su tun la'asar: Chris Evert ta faɗi wasan ƙarshe uku a manyan gasa kafin ta ci na farko, Simona Halep ma uku kafin Faransa 2018, Kim Clijsters har huɗu, Andy Murray huɗu. Ya tambaye ni ko akwai waɗanda suka faɗi ukun ba su taɓa ci ba. Akwai, Dinara Safina ta hau matsayi na ɗaya a duniya, ta faɗi uku, ta yi ritaya babu ko ɗaya. Ban so ya yi tambayar ba.

Bara ba a ba da maki a Wimbledon ba saboda hana 'yan Rasha da Belarus shiga, don haka maki 1,300 na yau ƙari ne gare ta a jadawali. Amma maki na shekara ɗaya ne, wasu 1,300 da ta samo a New York za su zube a Satumba in ba ta sake kaiwa can ba. Gasar Amurka za ta fara ranar 28 ga Agusta, ranar da za ta cika shekara 29. Gobe Alcaraz da Djokovic ne a wasan ƙarshe na maza, Yaya ya ce wannan kam zai zo mu kalla tare.