Kafin Ka Ɗora wa Injin 1HZ Turbo

Duk mai shas ɗin dizal, wato Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, da ke hawa Ɗa'if ta hanyar Hada a Saudiyya ya san inda injin 1HZ yake gazawa. Tsakanin Jidda da Makka lafiya lau take tafiya. Da an soma hawan dutse sai ta yi nauyi, a dawo giya ta uku, baƙin hayaƙi na bin ta a baya. Makka ba ta kai mita 300 daga saman teku ba, Hada kuwa ta kusa mita 2,000, kuma iskar can ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Injin da ke zuƙar iska da ƙarfin kansa ba shi da yadda zai cike wannan giɓin, famfon dizal kuma yana nan yana ba shi mai kamar yana ƙasa. Shi ya sa ake yawan zuwa warsha, wato gareji, da maganar turbo, na'urar da hayaƙi ke juyawa tana cusa wa inji ƙarin iska, har da masu Kosta, don injinsu ɗaya ne.

Ana iya sa shi, kuma yana aiki. Sai dai a san irin injin da ake taɓawa. 1HZ silinda shida ne, lita 4.2, doki 129, Toyota ta fito da shi a 1990. Nozul ɗinsa ba ya fesa mai kai tsaye kan fistin, yana fesawa ne cikin wani ƙaramin ɗaki da ke cikin kan inji, bakinsa a rufe da kofin ƙarfe, daga nan wuta ke fitowa. Matsinsa ya haura 22:1. Ɗan'uwansa 1HD-T, wanda ya zo da turbo daga kamfani, girmansu ɗaya, amma shi kai tsaye yake fesawa, an sauke matsinsa zuwa 18.6:1, fistin ɗinsa ma daban ne. Wato lokacin da kamfanin ya tashi sa turbo, sai da ya sake cikin injin. Kai da za ka ɗora shi a waje kawai, filin da kake da shi kaɗan ne.

A fara da auna komfireshan, inji da ɗumi. Lafiyayye yana ba da kilo 37 a kan murabba'in santimita, kada ya gaza 27, kada kuma tazarar da ke tsakanin silinda ta wuce 5. Buɗe murfin baƙin mai inji na aiki: in yana huci da ƙarfi, ringi sun tafi, turbo zai ƙarasa su ne kawai. A cire nozul shida a gwada su a benci, domin wanda ke ɗiga maimakon feshi yana huda fistin ko babu turbo. A duba taimin ɗin famfo da tazarar bawul. Sannan lagireto, tamostat da kulocin fanka. Motar da ke ɗaukar zafi tun yanzu ba ta shirya ba.

Turbon da ya fi sauƙin dacewa shi ne CT26 na 1HD-T tare da manifol ɗinsa, wato bututun da ke tara hayaƙin silinda, don yana hawa kan 1HZ. In daga tashlih, wato inda ake sayar da kayan matattun motoci, aka samo shi, kama sandar tsakiya da yatsa biyu ka girgiza. Ɗan motsi gefe da gefe ba komai ba ne, amma kada fukafukan su taɓa jikin gidan, kada kuma sandar ta yi gaba da baya. Babban turbo, a ganina, asarar kuɗi ne: ba ya farkawa sai inji ya yi sama, alhali mai hawan dutse a wajen juyi 2,000 a minti yake neman ƙarfi.

Matsin iska ya tsaya tsakanin 7 da 10 psi, wato rabin bar zuwa 0.7, in babu intakula, na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ya matsa. Ga lissafin da ake mantawa. Da rani a nan iskar da ke shiga filta takan kai digiri 45. In turbo ya matsa ta rabin bar, tana fita da zafin kusan digiri 100. Iska mai zafi ba ta da kauri, don haka ƙarin da inji ke samu bai wuce kashi 27 cikin ɗari ba, duk da agogo na nuna ƙarin rabi. In intakula ya sauke ta zuwa digiri 60, ƙarin yana haura kashi 40. A ƙasa mai sanyi ana iya haƙura da intakula, a Hijaz ban ga hikimar hakan ba. Amma in an kafa shi gaban lagireto yana tare mata iska, sai an tabbatar fanka na ja sosai.

Yanzu ga inda injuna ke mutuwa. Bakaniken da ya saba da fetur ya san ƙarancin mai ne ke ƙona inji. A dizal akasin haka ne: ƙarin mai ke kawo zafi, ƙarin iska ke sanyaya. Turbo shi kaɗai, ba a taɓa famfo ba, rage zafin hayaƙi yake yi. Ɓarnar tana farawa ne lokacin da aka sa sukudireba a sukurun mai na bayan famfo, aka ji mota ta yi tsalle, aka ƙara murɗawa. Saboda haka agogon zafin hayaƙi shi ne abin farko da za a saya, kafin turbon kansa. A huda manifol a sa bakinsa kafin turbo, a nan ne yake faɗar gaskiya. Kada ya zauna sama da digiri 700 a doguwar hawa. In a bayan turbo aka sa shi, karatun yana sauka da digiri 100 zuwa 200, iyakarsa kuwa wajen 550. Mutum biyu na iya musu a kan lamba alhali kowa da inda ya sa nasa.

Ana murɗa sukurun kashi ɗaya cikin takwas na zagaye, a ɗaure, a loda kaya, a hau tudu da totur a ƙasa ana kallon agogo da madubi. Baƙin hayaƙi mai ne da bai sami iska ba. Famfon 1HZ bai san matsin turbo ba, shi ya sa yake zuba mai tun turbo bai farka ba, sai hayaƙi wajen tashi. Maganinsa a kai famfon wajen masu famfo su ɗora masa kwamfanseta, mai ƙara mai gwargwadon matsin iska. In aka wuce gona da iri, kofin nan na cikin kan inji ke fara tsagewa, wani lokaci ɓallinsa ya faɗa kan fistin. Kan inji yana tsagewa tsakanin bawul, gefen fistin da ke riƙe ringi yana karyewa, gasket yana busawa. Allurar zafin ruwa ba za ta gargaɗe ka da wuri ba, don zafin hayaƙi yana tashi cikin daƙiƙoƙi, ruwa kuwa sai daga baya.

Layin baƙin mai ƙaramin aiki ne da ke cinye turbo da yawa. Mai yana shiga da matsi daga jikin inji, amma da nauyinsa kawai yake komawa. Bututun komawa kada faɗinsa na ciki ya gaza milimita 16, ya gangara ba lanƙwasa, ya shiga kwanon baƙin mai sama da inda man ke tsayawa. A kwance kwanon a sauke shi kafin a huda, a wanke, kada ɓarɓashin ƙarfe ya tafi wajen metal. In man bai sami hanya ba sai ya bi ta salansa, a ce sabon turbo ya lalace, alhali bututu ne. Kafin tayarwar farko a zuba mai a bakin turbo a juya shi da hannu. In kuwa mai ya malalo ta ɓangaren iska, inji zai riƙa cin baƙin mansa yana gudu ko an kashe makulli. Abin da ke tsayar da shi a toshe masa iska da katako, ba da tafin hannu ba.

Salansa ta koma inci biyu da rabi ko uku. Kuloci tsoho zai soma zamewa, a sa shi cikin lissafi, kuma kada a ja kaya a giya ta biyar inji na ƙasa-ƙasa. Ƙurar nan tana cinye fukafukan turbo, don haka duk kilam da ke bayan filta a ɗaure shi tam. Baƙin mai kowane kilomita 5,000. In ka ƙure hawan ka tsaya shan shayi, bar inji ya yi minti biyu kafin ka kashe, domin turbo yana juyi sama da 100,000 a minti, man da ya tsaya a cikinsa da zafi kuwa gawayi yake zama.

Sauya wani abu a mota ba tare da bin ƙa'ida ba laifi ne a dokar hanya ta Saudiyya, ga kuma fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma, na jira, don haka a tambayi Murur, 'yan sandan kula da hanya, kafin a kwance ƙusa ɗaya. Wanda kuma doki 160 ko fiye yake nema, ya haɗa kuɗin turbo, intakula, famfo, salansa da kuloci, ya gwada da kuɗin cikakken injin 1HD-T daga tashlih.